Birki Ya Yi Tauri, Fitila Ta Kama: Abin da Wayarka Za Ta Iya Gano Maka a Motar Dizal

Yau za mu ɗan fita daga maganar manhajoji da sababbin wayoyi, mu leƙa gareji. Da wayarmu a hannu za mu je.

Duk wanda ya san hanyar Augie zuwa Argungu a lokacin kakar shinkafa ya san irin motocin da ke binta: Hilux da Kanta da tsofaffin bas-bas, an labta musu buhuna har sun durƙusa, wasu za su kamfanin WACOT a Argungu, wasu su zarce Birnin Kebbi, wasu su nufi Sakkwato. Da yawa cikinsu man dizal suke sha, wanda muka fi kira gas. Idan ka samu dama ka leƙa dashbod ɗin irin waɗannan motoci, da wuya ka rasa fitila ɗaya ko biyu a kunne. Ka tambayi direba, amsar kusan ɗaya ce: "Ai haka take tun da aka saye ta."

Wani lokaci gaskiyarsa ne, fitilar ba ta da haɗari. Wani lokaci kuma fitilar nan ita ce gargaɗin ƙarshe kafin birki ya ƙi kamawa a gaban garken shanu ko a bakin kasuwa. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana lissafa lalacewar birki cikin dalilan haɗari a rahotanninta, kusa da gudun wuce kima da fashewar taya. Kai da ke riƙe da Android a gidanku, mai yiwuwa ba kai ke tuƙi ba, amma mahaifinka ko yayanka ko kawunka ne ke tuƙi, kuma kai ma kana shiga. Da wayar nan da wata 'yar na'ura da kuɗinta bai kai na cika tankin Hilux ba, za ka iya sanin abin da motar ke kuka da shi. Akwai kuma abin da waya ba za ta taɓa gani ba, kuma shi ya fi kisa. Za mu bi su duka biyun.

Abin da ya bambanta birkin motar dizal

Idan ka taka birki, ƙarfin ƙafarka kaɗai bai isa ya tsayar da mota mai nauyin tan biyu ba. Tsakanin abin takawa da masta akwai wani baƙin faranti mai kama da tukunya a bayan injin, kanikawa na kiransa sabo. Aikinsa ninka ƙarfin ƙafarka. Yana yin haka ne da bakyum, wato zuƙe iska daga gefe ɗaya na cikinsa, sai iskar waje ta tura ɗaya gefen ta taya ka takawa.

A motar fetur, injin da kansa ne ke samar da wannan zuƙa, domin akwai marfin totur da ke toshe hanyar iska. Injin dizal kuwa yana shaƙar iska ne a sake, don haka ba ya samar da zuƙar da za ta isa. Shi ya sa aka yi masa famfo na musamman, famfon bakyum. A tsofaffin injinan Toyota irin 2L da 3L da 5L, waɗanda suka cika Hilux da Hiace na da, famfon yana manne a bayan altaneta. A motocin Volkswagen masu injin TDI, irin Golf da Sharan, yana jikin kan injin.

Wannan ɗan bayani yana warware abubuwa biyu. Na farko, idan fanbel ya tsinke a tsohuwar Hilux, altaneta ta tsaya, famfon ma ya tsaya. Za ka ga fitilar batir ta kama, ka taka birki sau biyu ko uku, sai ya koma kamar dutse. Direban da bai sani ba zai ce matsalar wuta ce kawai, bari a lallaɓa zuwa Argungu, alhali taimakon birkinsa ya ƙare. Na biyu, a motoci da yawa na zamani wannan bakyum ɗin ne ke sarrafa tobo da wasu bawul na injin. Tiyo ɗaya ya tsage, sai mota ta rasa ƙarfin ja, birki kuma ya yi tauri a lokaci guda. Mutum ya ɗauka cuta biyu ce, ya biya kuɗin gyara biyu, alhali ɗan tiyon roba ne.

Abin da ƙafarka ke gaya maka

Kafin a ɗauko waya, a fara da ƙafa. "Birki ba ya ci" magana ce mai faɗi, kuma bakanike zai fi saurin gano matsala idan ka faɗa masa yadda abin yake.

Idan abin takawa ya yi tauri, sai ka danna da ƙarfi kafin mota ta rage gudu, zargi na farko yana kan bakyum: famfo, tiyo, ɗan bawul ɗin da ke hana iska komawa, ko sabo ɗin kansa.

Idan ya yi laushi kamar ka taka soso, kuma yana gyaruwa in ka taka sau biyu ko uku da sauri, iska ta shiga layin man birki, ko man ya tsufa ya sha ruwa. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka ƙarfin ƙafarka yana ƙarewa wajen matse kumfa maimakon matse taya.

Idan ka taka ka riƙe, sai ya riƙa nutsewa a hankali har ƙasa, ko dai mai yana yoyo a wani wuri, ko robobin cikin masta sun cinye. Wannan motar ba ta hawa titi sai an gyara.

Idan mota tana karkata gefe ɗaya lokacin birki, kalifa ɗaya ta maƙale, ko mai ya jiƙa fad ɗin gefe ɗaya. Idan kana jin ƙara siririya kamar fito, yawancin fad suna da ɗan ƙarfe da aka sa don ya yi wannan kuka idan sun kusa ƙarewa. Sabon fad yakan kai kaurin milimita 10 zuwa 12, idan ya sauko 3 a canza shi. Idan kuwa ƙarar ta koma gurzar ƙarfe da ƙarfe, fad ya ƙare, yanzu dis ake ci, kuma kuɗin gyara ya ninka.

Gwajin minti biyu a ƙofar gida

Ga gwaji da ba ya buƙatar kayan aiki. Mota tana tsaye a fili, injin a kashe. Taka birki sau biyar ko shida har ya yi tauri. Riƙe shi da ƙafarka, ka tada injin. Idan sabo da famfo suna lafiya, za ka ji abin takawar ya ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka. Idan bai motsa ba, babu taimakon bakyum.

Kashi na biyu: bar injin ya yi minti ɗaya yana aiki, ka kashe, ka jira kamar minti biyar, sannan ka taka. Takawar farko da ta biyu ya kamata su zo da sauƙi, domin sabo yana ajiye ɗan bakyum. Idan tun farko ya yi tauri, iska na shiga ta wani wuri. Buɗe bonet ka bi tiyon da ya fito daga sabo da ido da hannu. Zafin rana yana busar da roba ta tsattsage, musamman a bakin da aka ɗaure.

Daga nan duba 'yar robar man birki da ke kan masta. Tana da alamar sama da ta ƙasa. Idan man ya sauka kaɗan, yawanci fad ne suka cinye. Idan ya sauka sosai, leƙa bayan kowace taya ka ga ko akwai danshi. Ƙara mai ba tare da gano inda yake zuwa ba, ɗaga matsalar ne zuwa ranar da ba ka zaɓa ba.

Man birki, zafin bazara da ruwan fadama

Man birki yana da wata ɗabi'a da mutane da yawa ba su sani ba: yana tsotsar danshi daga iska. Sabon man DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Salsiyos, DOT 4 kuma 230. Amma idan ruwa ya shige shi kusan kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin DOT 3 yana saukowa zuwa 140, na DOT 4 zuwa 155. Birkin motar da aka yi wa lodi fiye da kima yana iya kai man ga wannan zafi idan ana yawan takawa, balle a watan Afrilu da zafin Kabi ke wuce digiri 40 tun kafin a tada mota. Da man ya tafasa, tururi ya cika layi, ƙafa ta tafi ƙasa babu komai. Bayan rabin awa ya huce, birki ya dawo kamar ba abin da ya faru, shi ya sa wasu ke cewa abin ba na Allah da Annabi ba ne. Tsohon mai ne. Yawancin kamfanonin mota suna cewa a canza shi duk shekara biyu. Sabo yana da haske kamar man gyaɗa tatacce, idan ya koma kalar shayi mai kauri ya gama aiki.

Duba murfin robar, an rubuta irin man da motar ke buƙata. DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1 dangi ɗaya ne, amma DOT 5 daban yake, ba a gauraya shi da su. Kada a kuskura a zuba baƙin mai ko man sitiyari, ko da ɗigo ne, domin yana kumbura robobin birki gaba ɗaya. Ruwan omo da wasu ke zubawa don a kai gari yana tafasa a kusan digiri 100, kuma yana sa tsatsa a cikin layi.

Mu da ke kwarin Rima muna da ƙarin matsala. Da damina, hanyoyin ƙauyukan Augie suna cika da ruwa da laka, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2020 ya san yadda ruwa ke hawa hanya a wannan yanki. Tayoyin bayan Hilux da Kanta da yawa birkin dram ne, wanda ke riƙe ruwa da laka a ciki. Bayan an ratsa ruwa, a tafi a hankali ana ɗan taɓa birki na 'yan mitoci har ya bushe, kafin a ɗauki gudu. Bayan damina kuma a sa bakanike ya buɗe dram ya wanke.

Sai lodi. An ƙera Hilux ta ɗauki kusan tan ɗaya. Duk buhun da aka ƙara a kan haka, birki ne zai biya. Ka kuma riƙe wannan lissafi: idan gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa yana ninka huɗu. A gudun kilomita 80 a awa, mota tana cin kusan mita 22 a kowace daƙiƙa, tun kafin ƙafa ta isa kan birki.

Yaren fitilun dashbod

Launi ne mabuɗin farko. Ja yana nufin tsaya. Ruwan ɗorawa yana nufin akwai matsala, a duba da wuri. Kore da shuɗi sanarwa ce kawai.

Jar fitila mai alamar motsin rai a cikin da'ira ita ce ta birki. Tana kamawa idan birkin hannu yana ɗage, ko man birki ya yi ƙasa. A wasu motocin Toyota na dizal tana kamawa kuma idan bakyum ya yi rauni. Idan ka sauke birkin hannu ba ta mutu ba, kada a tashi.

Fitilar ABS ruwan ɗorawa ce. Idan ita kaɗai ta kama, birki na yau da kullum yana aiki, amma tsarin da ke hana taya kullewa ya tsaya, don haka a kan yashi ko jiƙaƙƙen titi mota na iya zamewa. Sau da yawa laka ce ta rufe sensa a bayan taya, ko wayarta ta tsinke. Idan ABS da jar fitilar birki suka kama tare, abin ya fi tsanani, tayoyin baya na iya kullewa mota ta juya.

Jar fitila mai kama da buta tana ɗiga ta ƙarfin baƙin mai ce. Ita ce ba a yi wa gardama. A kashe injin nan take, domin 'yan mintuna sun isa su kashe shi. Haka ma fitilar zafi.

Akwai kuma waɗanda motar dizal ce kaɗai ke da su. Fitila mai kama da naɗaɗɗiyar waya ta hita ce. Tana kamawa idan ka murɗa makulli, ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, sannan ka tada mota. Da sanyin hunturu takan ɗan jima. Amma a Volkswagen, idan tana ƙiftawa ana cikin tafiya, ƙwaƙwalwar injin ce ke kuka, kuma ɗaya daga sanannun dalilai shi ne ɗan makunnin da ke ƙarƙashin abin taka birki, wanda ke kunna jajayen fitilun baya. Sa wani ya tsaya a baya ka taka. Idan ba su kama ba, na bayanka ba ya sanin ka tsaya, kuma wannan ma haɗari ne da daddare.

Fitila mai hoton filta da ɗigon ruwa tana nufin ruwa ya taru a ƙasan filtar gas. Akwai ɗan marfi a ƙasa da ake kwancewa a zubar da shi. Wanda ke sayen gas a jarka zai fi ganinta. Kada a yi sakaci, ruwa yana lalata famfo da injekta, waɗanda suke cikin mafi tsadar kayan injin. Toyota na da wata mai rubutun T-BELT, tunatarwa ce cewa lokacin canza bel ɗin taimin ya yi, a wasu injina bayan kilomita 100,000, a wasu 150,000.

Ta ƙarshe ita ce ta DPF, matatar hayaƙi da ke cikin salansa. Tun da ƙa'idar Euro 5 ta fara aiki a Turai a 2009, kusan duk motar dizal ta can tana da ita, kuma su ne ke zuwa mana a matsayin 'yan Kwatano. An ƙera su don man da sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. A 2016 wata ƙungiyar ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan gurɓataccen dizal da ake kawowa Afirka ta Yamma, lokacin da dokar Najeriya ta yarda da har kashi 3,000 cikin miliyan. Daga baya ƙasashen ECOWAS sun amince a sauko zuwa 50. Tsohuwar mota da ta sha wancan mai shekara da shekaru, ba mamaki matatarta ta toshe. Idan fitilar ta kama, tafiyar minti 20 a buɗaɗɗen titi da gudun sama da kilomita 60, kamar daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, takan ƙone baƙin hayaƙin da ya taru, fitilar ta mutu. Idan ta ƙi mutuwa, sai gareji.

Inda waya ke shigowa

Tun 1996 Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can wani tsari mai suna OBD-II. Turai ta bi baya, motocin fetur a 2001, na dizal a 2004. Ma'anarsa, motar tana da wata kafa mai hakora 16, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, wadda ta ita ake magana da ƙwaƙwalwar mota, abin da kanikawa ke kira birenbos.

Na'urar da ake sokawa a kafar ana kiranta ELM327. Sunan ya samo asali ne daga wani kamfanin Kanada, Elm Electronics, amma kusan duk waɗanda za ka gani a Jumia ko Jiji ko AliExpress kwafi ne daga Sin. Girmanta bai wuce akwatin ashana ba. Mai Android ya sayi ta Bluetooth. Mai iPhone ya tabbatar ta Wi-Fi ce ko kuma mai Bluetooth LE, domin ta Bluetooth na da ba ta aiki da iPhone.

Matakan ba su da wuya. Soka na'urar, murɗa makulli fitilu su kama, haɗa Bluetooth, lambar sirri yawanci 1234 ce ko 0000. Buɗe manhaja irin Torque ko Car Scanner ko OBD Auto Doctor, ka zaɓi na'urar, ka danna karanta lambobin matsala. Da zarar ka sauke manhajar ba ta buƙatar data, don haka ko a tsakiyar fadama inda sabis ke ɗaukewa za ta yi aiki.

Ga masu sha'awar rubuta manhaja, abin da ke faruwa a ƙasa yana da daɗi. Na'urar rubutu kawai take karɓa. Da kowace manhajar tamina ta Bluetooth za ka iya aika ATZ ta farka, ATSP0 ta nemo yaren motar da kanta, ATRV ta ba ka ƙarfin batir. Ka aika 010C, mota ta amsa da misalin 41 0C 0C 80. Lambobi biyun ƙarshe a tsarin heks suke, 0C80 shi ne 3200, ka raba huɗu ka samu 800, wato juyin injin a minti. Ka aika 0105, ta ce 41 05 7D. 7D shi ne 125, ka cire 40, zafin ruwan injin digiri 85. Da wannan kaɗai, wanda ya iya ɗan Kotlin ko Python zai iya haɗa manhajar da ke nuna wa direba bayanin da Hausa. Fili ne da ke jiran matasanmu.

Karanta lambobin

Kowace lamba tana farawa da harafi. P na injin da giya ne, C na ƙafafun mota har da ABS, B na jikin mota, U na sadarwa tsakanin kwamfutocin cikinta. Ga waɗanda mai motar dizal zai fi cin karo da su:

P0299, tobo ba ya ba da iska yadda ya kamata. Idan ta zo tare da birki mai tauri, fara da tiyon bakyum.

P0571, matsala a makunnin birki, wanda muka ambata a sama.

P0087, ƙarfin gas a layi ya yi ƙasa. Sau da yawa filta ce ta toshe.

P0380, layin hita. P0401, bawul ɗin EGR ya cushe da baƙin hayaƙi. P0101, sensar iska, wadda ƙurar hunturu ke saurin ɓatawa. P2002 da P2463, matatar DPF. U0121, ƙwaƙwalwar injin ta daina jin ta ABS.

Lamba tana nuna unguwar da matsala take, ba ta nuna gidan. P0101 na iya zama sensa, na iya zama filtar iska da ta cika da ƙura, na iya zama waya da ɓera ya ci. Kada ka sayi kaya saboda lamba kawai. Ɗauki hoton allon wayar, ka nuna wa bakanike ko rewaya, ku fara da abu mafi araha. Kuma kada ka goge lamba kafin a gyara. Gogewa tana kashe fitila, ta kuma share shaidar da mai gyara ke buƙata.

A allon bayanai masu gudana, duba ƙarfin wuta. Batir mai lafiya yana kusan bolt 12.6 idan injin a kashe yake, 13.5 zuwa 14.5 idan yana aiki. Wuta mai rauni takan sa fitilu da yawa su kama a tare, har da ABS, ba tare da wani abu ya lalace ba.

Abin da waya ba za ta gani ba

Nan ne ya kamata a buɗe kunne. An ƙirƙiri OBD-II ne don sa ido kan hayaƙin injin. Na'urar ELM327 mai araha da manhajar kyauta galibi injin kawai suke karantawa. Shiga ƙwaƙwalwar ABS yana buƙatar abin da ya san yaren kamfanin, irin Techstream na Toyota, VCDS na Volkswagen, ko FORScan na Ford da Mazda. Ko da su ɗin ma, babu sensar da ke auna iska a layin birki, ko ruwa a cikin mai, ko robar masta da ta cinye. Waya za ta iya rubuta maka cewa babu matsala, da koren launi mai kyau, a motar da birkinta zai tsinke gobe. Idan ƙafa ta ce akwai matsala, waya ta ce babu, ƙafa ce mai gaskiya.

Akwai kuma motocin da ba za su amsa ba sam. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser masu famfon gas na da, da wasu da aka ƙera don kasuwar Afirka, ba su bin wannan tsari ko da kafar tana nan. Manyan motoci irin Kanta da yawa bolt 24 suke amfani da shi, kuma na'urar bolt 12 na iya ƙonewa idan ka soka. Cire na'urar idan ka gama, domin kafar tana da wuta ko mota a kashe take, za ta iya shanye batir, kuma duk wanda ke kusa zai iya haɗa wayarsa da ita tunda lambar sirrin kowa ya sani. Kada direba ya riƙa kallon waya yana tuƙi, na gefe ya riƙe. Kada kuma a taɓa bututun gas na injin zamani yana aiki, ƙarfin da ke ciki yana kai ba 1,600 zuwa 2,000, ya isa ya huda fata.

Idan za ku sayi mota

Nan na'urar take fanshe kuɗinta a rana ɗaya. Murɗa makulli ba tare da tada injin ba. Duk fitilu ya kamata su kama na ɗan lokaci: injin, ABS, birki, baƙin mai, batir. Wadda ba ta kama ba, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an rufe ta daga ciki. Sannan ka duba a manhaja nisan da motar ta yi tun da aka goge lambobi, umarnin 0131 ke nan. Motar da ta yi kilomita dubu ɗari biyu, amma aka goge lambobinta kilomita goma da suka wuce, tana da labarin da dillali bai ba ku ba.

Idan birki ya ƙi a kan hanya

Allah Ya kiyaye, amma a san abin yi. A ɗaga ƙafa daga totur. Idan birkin tauri ya yi, yana nan, taimako ne ya tafi, a danna da dukkan ƙarfi. Idan laushi ya yi, a taka da sauri sau da yawa. A sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, a ja birkin hannu a hankali ana riƙe da maɓallinsa, a kunna fitilun haɗari, a yi ta hon. Kada a kashe injin ana tafiya, domin sitiyari zai yi nauyi, sauran bakyum ma ya ƙare. Wannan dalilin ne ya sa motar da ake ja a kashe take da wuyar tsayarwa. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, ka ajiye ta a wayarka yanzu.

Kafin lodin shinkafa na gaba ya tashi daga Augie, ɗauki minti goma da motar gidanku: gwajin ƙafa, duba mai, duba fitilu, sannan waya. Idan wani abu bai yi daidai ba, a kai wa bakanike da cikakken bayani, da hoton lambobin. A rubutu na gaba, in Allah Ya yarda, za mu haɗa ƙaramar manhajar Android da ke karanta waɗannan lambobi ta fassara su da Hausa. Allah Ya kai mu lafiya, Ya tsare hanya.